A haɗa a jira mai saye, ko a jira mai saye a haɗa? Zaɓin da ke gaban mai ƙera kwamfuta

Duk kamfanin da ke haɗa kwamfuta, babba ko ƙarami, akwai tambayar da ba ya iya tsallakewa: a ina kuɗinsa za su kwana? Ko dai su kwana a jikin kwamfutocin da aka gama haɗawa aka jibge a sito ana jiran ciniki, ko su kwana a sassan da ba a haɗa ba tukuna, ko kuwa su yi zamansu a banki sai oda ta shigo a nemo kaya. Kowace daga cikin hanyoyin nan akwai wanda ya bi ta ya yi arziki, akwai kuma wanda ta kai ƙasa. Abin da ya sa amsar ke da wuya shi ne halin kayan kansu.

Ɗan kasuwar hatsi yana cika rumbu da kaka ne domin ya san bazara na zuwa, farashi zai hau. Mai kwamfuta kuwa akasin haka yake gani: furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi), ram (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai) da faifan adana bayanai kullum sabo na fitowa yana karya darajar na jiya. A shekarun 1990 ƙiyasin da masu sana'ar suka saba yi shi ne sassan kwamfuta na zubar da kusan kashi ɗaya cikin ɗari na darajarsu a duk mako. Ka ɗauka sassan kwamfuta guda sun ci dala 500. In ta yi mako goma tana zaune, kusan dala 50 ta tafi ba tare da ɓarawo ya taɓa sito ba, alhali ribar da ake samu a kan irin wannan na'ura sau da yawa ba ta wuce hakan da yawa ba. Duk wata dabarar da za a yi magana a kanta a nan, daga wannan lissafi ta samo asali.

Hanyar cika kanti

Tsohuwar hanya, wadda Compaq, IBM da HP suka girma a kanta, ita ce a yi hasashen abin da kasuwa za ta buƙata nan da wata uku ko shida, a haɗa da yawa, a tura wa manyan diloli, su kuma su rarraba wa kantuna. Amfaninta a fili yake. Masana'anta tana aiki bai-ɗaya ba tsayawa, ana sayen sassa a sari mai yawa da rahusa, ana loda wa jirgin ruwa maimakon na sama, sannan mai saye yana shiga kanti ya taɓa, ya ɗaga, ya biya, ya tafi da abinsa a ranar.

Inda gizo ke saƙar shi ne hasashe ba ya cika faɗawa daidai. Apple ya ɗanɗana kuskuren ta fuska biyu cikin ɗan lokaci. A 1995 mutane na neman kwamfutocinsa na Power Macintosh babu, odar da ya kasa cikawa ta kai ta kusan dala biliyan ɗaya. Da ya juya ya cika sito, sai ya cika shi da samfurin da ba a so. A zangon wata ukun da ya ƙare a Maris 1996 ya faɗi da dala miliyan 740, kuma kaso mai tsoka na asarar kayan da suka yi kwantai ne. Compaq ma a farkon 1998 ya dankara wa dilolinsa kaya fiye da abin da za su iya sayarwa, dole ya karya farashi, ribar zangon ta kusan ɓacewa, a Afrilun 1999 aka sallami shugabansa Eckhard Pfeiffer.

Akwai wani ɓoyayyen nauyi da sabon shiga ba ya lura da shi. Dila ba ya yarda ya ɗauki kaya masu saurin faɗuwa haka kawai. Yarjejeniyar da aka saba ita ce in kamfani ya rage farashi, zai biya dila bambancin a kan duk abin da ya rage masa a kanti. Wato ka sayar, ka rubuta a littafi cewa ka sayar, amma asarar kayan tana wuyanka har ranar da mai amfani na ƙarshe ya biya. Ko manyan da ke da kuɗi ba su tsira ba: a Yulin 2013 Microsoft ya rubuta asarar kusan dala miliyan 900 saboda kwamfutocin hannu na Surface RT da suka ƙi fita, HP kuma a 2011 ya yi gwanjon kwamfutar hannunsa ta TouchPad a kan dala 99 makonni kaɗan da fitowarsa.

Hanyar Dell, da abin da ba a cika faɗa ba game da ita

Michael Dell ya fara sana'arsa a 1984 yana ɗalibi a Jami'ar Teksas da ke Austin. Tsanar da ya yi wa ajiya ba a littafi ya koyo ta ba. A 1989 kamfaninsa ya sari ƙwaƙwalen ram masu yawa, kasuwa ta koma kan sabon samfuri mai girma, farashin nasa ya rushe a hannunsa. Daga baya tsarin ya ƙara tsauri: babu dila, babu kanti, mai saye ya bugo waya ko, daga 1996, ya shiga intanet ya zaɓi furosesa, girman ram da faifan da yake so, ya biya, sannan a haɗa masa. A wata hira da aka yi da shi a 1998 ya yi lissafin a sauƙaƙe: in shi yana da kayan kwana 11 abokin takararsa na da na kwana 80, ranar da Intel ya fito da sabon furosesa zai riga shi isa kasuwa da kwana 69. Zuwa farkon shekarun 2000 ajiyar Dell ta sauko zuwa ta kwana huɗu ko biyar, a 2001 kuma ya zama na ɗaya a duniya wajen sayar da kwamfuta.

Daɗin tsarin bai tsaya a kan gudun kwantai ba. Mai saye yana biya nan take, Dell kuwa sai bayan makonni yake biyan masu kawo masa sassa. Ke nan da kuɗin wasu yake juya kasuwancinsa. Sannan tunda yana magana da mai saye kai tsaye, yana iya karkatar da shi. In faifai mai wani girma ya yi ƙaranci, sai a rage kuɗin wanda ke akwai a shafin intanet, nan da nan mutane su koma kansa. Wannan dabara ta yi masa rana bayan girgizar ƙasar Taiwan ta Satumban 1999, lokacin da farashin ram ya yi tashin gwauron zabo.

To amma a nan ne masu kwaikwayo ke yin tuntuɓe. Kayan ba ɓacewa suka yi ba, wuri suka sauya. Kusa da masana'antun Dell akwai sito-sito da masu kawo sassa ke cikawa da kuɗinsu, kayan na nan a matsayin mallakarsu har sai Dell ya kira an kawo, abin da yake yi duk bayan sa'o'i kaɗan. Ajiyar kwana huɗun da ake yabo ta tsaya ne a kan ajiyar kwanaki da yawa da wani ke ɗauke da ita a ƙetaren titi. Me ya sa suka yarda? Saboda girman cinikin. Wanda ke sayen sikirin miliyoyi a shekara yana iya ce wa mai yin sikirin ya zo ya tare a bayan gidansa. Mai sayen ɗari biyar ba zai iya ba, kuma duk wanda ya gaya maka za ka iya, bai taɓa ciniki da masana'anta ba.

Haka nan tsarin yana da tsada ranar da hanya ta toshe. A ƙarshen Satumban 2002 aka rufe tashoshin jiragen ruwa 29 na gaɓar yammacin Amurka har kwana goma saboda rikicin ma'aikata. Dell bai tsayar da aiki ba, amma sai da ya yi shatar manyan jiragen sama ƙirar Boeing 747 guda 18 su yi ta jigilar sassa daga Asiya. An yaba masa, kuma ya cancanta. Sai dai ni abin da na gani a labarin shi ne kuɗin da ya kamata mutum ya kasance yana da shi kafin ya ce zai rayu ba ajiya.

Abin da ya rage wa tsarin ƙarfi a ƙarshe ba toshewar hanya ba ce, kasuwa ce ta juya. Mutane suka bar kwamfutar tebur suka koma laftop. Laftop ba a cika sauya mata kayan ciki ba, kuma a lokacin kusan duka kamfanonin Taiwan irin su Quanta, Compal da Wistron ne ke haɗa su a masana'antunsu da ke Sin, suna yi wa kowa. Fifikon haɗa wa mutum daidai son ransa a kusa da gida ya ragu. Ga shi mai sayen laftop yana so ya ji nauyinta a hannu kafin ya biya. A ƙarshen 2006 HP ya wuce Dell. A 2007 Michael Dell ya dawo kujerar shugabanci, kuma a shekarar kwamfutocinsa suka shiga kantunan Walmart, abin da a da yake gani kamar haramun.

Ajiyar da ake yi da gangan

Tim Cook ya zo Apple daga Compaq a 1998, ya tarar da ajiyar kusan wata guda. Ya rufe sito goma cikin goma sha tara, ya rage yawan manyan masu kawo sassa, ya miƙa aikin haɗawa ga 'yan kwangila, cikin watanni ajiyar ta koma ta kwana shida. Wannan ɓangaren kowa ya sani. Ɓangaren da ya fi koyar da darasi shi ne na 2005, lokacin da wannan kamfani da ke gudun ajiya ya biya dala biliyan 1.25 tun kafin a kawo kaya ga Samsung, Toshiba, Hynix, Intel da Micron, domin su ware masa ƙwaƙwalen adana bayanai na shekaru masu zuwa. Bai cika sito ba, ya sayi wuri ne a layi. Ya gane cewa abu ɗaya ne zai iya tsayar da shi, sai ya ɗaure wannan abin, ya saki sauran.

Wanda bai yi irin wannan tanadi ba ya ji a jikinsa a 2011. Ambaliyar Tailan ta shanye masana'antun Western Digital da na masu yi wa sauran kamfanoni ƙananan sassa, farashin faifan adana bayanai ya kusan ninkawa cikin makonni, har Intel, wanda ba ya yin irin waɗannan faifai ko ɗaya, ya rage hasashen cinikinsa na zangon da kusan dala biliyan ɗaya, domin ba a sayen furosesa in babu faifan da za a haɗa shi da shi. A 2021 abin ya fi ban haushi: laftop ta dala dubu tana zaune an gama komai, ana jiran wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke sarrafa wuta ko hoton sikirin, wadda kuɗinta bai fi dala ɗaya ko biyu ba.

Sai dai kada tsoron rashi ya kai mutum ga haɗama, domin ramin da ke can ma mai zurfi ne. Lokacin ƙaranci kowa yana ninka odarsa, ya bai wa masu kawo kaya biyu ko uku oda iri ɗaya da niyyar soke sauran in ɗaya ta iso. Masana'anta ta ɗauka buƙatar gaske ce ta ƙara aiki. Ranar da kaya suka wadata sai a ga rabin odar iska ce. Haka ta faru da Cisco, mai yin na'urorin haɗa kwamfutoci da intanet, a 2001, ya rubuta asarar kaya na sama da dala biliyan biyu a zango guda. Haka ta sake faruwa bayan korona: a 2021 an fitar da kwamfuta kusan miliyan 340 zuwa 350 a duniya, a 2022 adadin ya sauka da kusan kashi 16 cikin ɗari, sito-sito suka cika, farashin ram da faifai ya faɗi warwas, waɗanda suka sara da tsada suka yi ta sayarwa da asara.

Akwai hanya ta tsakiya da ni nake ganin ta fi dacewa da mafi yawan masu ƙaramin ƙarfi, wato a jinkirta bambancewa. A farkon shekarun 1990 HP yana fama da firintocin DeskJet a Turai: kowace ƙasa da irin filoginta da harshen takardar bayaninta, sai na wata ƙasa su ƙare alhali na wata sun yi kwantai. Maganin da ya yi shi ne ya riƙa tura firinta tsurarta zuwa cibiyar rarrabawa, a can ake saka mata abin wuta da takardu bayan an ga inda ake nema. A kwamfuta ma haka ne. Gangar jiki, madabod (babban allon da sassa ke hawa kansa) da sikirin iri ɗaya za su iya zama samfuri biyar, gwargwadon ram, faifai da manhajar da aka ɗora a ranar ƙarshe. Hasashen jimillar abin da za ka sayar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan hasashen ko nawa ne za su so mai ram gig takwas, nawa za su so mai goma sha shida.

To wacce za ka ɗauka?

Kafin komai ka dubi wanda kake sayar wa. In cinikinka da hukumomi ne, bankuna, makarantu, masu ba da oda ɗari-ɗari kuma sun saba jiran makonni, babu dalilin tara haɗaɗɗun kwamfutoci. Karɓi kafin alƙalami, haɗa, kai musu. Ƙarfin Dell tun asali a kan irin waɗannan yake, ba a kan ɗaiɗaikun mutane ba. In kuwa abokin cinikinka mai shigowa kanti ne da kuɗi a aljihu, to wanda ya tarar da kanta babu kaya maƙwabcinka zai nufa, dole ka ajiye haɗaɗɗu. Abin da za ka iya yi shi ne rage yawan samfura. Uku masu fita sun fi goma sha biyu da rabinsu ke shan ƙura.

Bayan haka ka raba sassan, kada ka yi musu hukunci ɗaya. Akwai masu tsada da saurin tsufa: furosesa, ram, faifai, katin hoto. Ƙanana ne, ba su da nauyi, jirgin sama na kawo su cikin kwanaki, don haka a saye su a kurarren lokaci. Akwai masu arha, masu girma, marasa tsufa: akwatin kwamfutar tebur, abin wuta, fanka, kibod, wayoyi. Waɗannan a cika kwantena a bar su su biyo ruwa, zamansu a sito ba ya cin komai sai haya. Batir yana tsakiya, domin yana lalacewa a ajiye kuma kamfanonin jiragen sama na tsaurara ƙa'ida a kansa. Sai rukuni na ƙarshe da ya fi kowane haɗari: ƙaramin abin da wuri ɗaya kaɗai kake samunsa. Ko nawa ne kuɗinsa, shi ne ya cancanci ajiyar watanni, ko kuma a sake zanen na'urar yadda za ta karɓi na wani kamfani.

Ga mai haɗa kwamfuta a Najeriya, inda kamfanoni irin su Zinox suka fara wannan sana'a tun 2001, akwai abin da ke birkita lissafin Dell gaba ɗaya, wato canji. Ana sayen sassa da dala, ana sayarwa da naira. A Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A irin wannan lokaci faɗuwar darajar furosesa ba komai ba ce in aka gwada da faɗuwar kuɗin da ke banki. Wanda ya riƙe kaya ya tsira, wanda ya karɓi oda a farashin naira ya ce sai an biya zai sayo, ya tarar kuɗin ba sa sayen rabin abin da ya yi alkawari. Amma kada wannan ya zama ɗabi'a. Da zarar canji ya tsaya wuri ɗaya, tsohuwar dokar ta dawo, kuma kuɗin ruwan bankunan Najeriya da ke haura kashi 20 cikin ɗari ba ya barin mai ajiya da bashi ya yi barci.

Nisa ma na da nasa hukuncin. Kwantena daga Sin zuwa Legas ba ta kasa wata guda a teku, ban da zaman jiran kwastam da tafiyar mota zuwa Kano ko Kaduna. Mai irin wannan doguwar hanya ba shi da zancen ajiyar kwana huɗu. Abin da yake da shi shi ne sanin lokutan cinikinsa. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, cibiyoyin jarrabawa kan nemi na'urori ɗaruruwa a lokaci guda, kusan duka iri ɗaya, kuma gab da lokacin rajista. Wannan ciniki ne da ake iya hangowa tun daga nesa: akwatuna, sikirin da kibod su iso da wuri ta ruwa, furosesa da ram su biyo iska bayan an sa hannu a takarda. A tuna kuma masana'antun Sin na rufewa lokacin bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, odar da ba ta fita kafin nan ba sai ta ƙara makonni.

A takardar kwangila kuwa, a rubuta kwanakin da farashin da ka bayar zai yi aiki, kuma kafin alƙalamin ya isa sayen duk sassan da ake biya da dala a makon da aka karɓe shi. Sannan cikin kowane sari a ware wani kaso na madabod, abin wuta da sikirin domin garanti. Samfurin da ka haɗa bana, baɗi mai yiwuwa masana'anta ta daina yin madabod ɗinsa, kuma makarantar da ta sayi ɗari biyu a hannunka za ta dawo da guda biyar da suka mutu tana so a gyara mata a makon.